Gargaɗi da Wa'adin Kwana 30 Kan Filayen Wasan Unguwa a Aljirif da Omdurman

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga mai girma Walin Jihar Kartum, da Majalisar Ƙoli ta Matasa da Wasanni ta jihar, da Ma'aikatar Matasa da Wasanni ta ƙasa, da shugabannin mahalliyoyi, wato ƙananan hukumomi, na Kartum, Sharƙun Nil, Omdurman, Karari da Umbadda. Kwafi ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Sudan.



Mu da muka sa hannu a wannan takarda mu ne masu horar da yara a filayen ƙasa, da alƙalan wasa masu busa usur ba albashi, da shugabannin rabiɗoɗi, wato ƙananan gasannin da kowace unguwa ke shiryawa da kuɗin aljihunta, a Aljirif ta Gabas da ta Yamma, tare da 'yan'uwanmu na Omdurman. Cikinmu akwai Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda kakanninsu suka biyo hanyar Makka suka yada zango a bakin Nilu, akwai kuma 'ya'yan sauran ƙabilun Sudan, ƙwallo ɗaya ta haɗa mu tun muna ƙanana. Mun rubuta da Larabci domin ofis. Wannan ta Hausa kuwa domin iyayen yaranmu ce, da 'yan'uwa na Maiurno da Gadarif da Kasala da Wad Madani, su zama shaida a kan abin da muka faɗa da ranar da muka faɗe shi.

Mun ba gwamnati wa'adin kwana 30 daga ranar da aka karɓi wannan takarda, ta rubuta filayen wasan unguwanninmu a matsayin mallakar jama'a, ta tsabtace su daga abin da yaƙi ya bari, ta kuma ware musu kasonsu a bayyane cikin kuɗin sake gina Kartum. In wa'adin ya cika ba a ga komai a ƙasa ba, za mu ɗauki matakan da muka zayyana a ƙasa, ba sani ba sabo.

Duk wanda ya dawo Aljirif bayan sojoji sun karɓe Kartum a watan Maris na 2025 ya san abin da ya tarar a gidansa. Kaɗan ne suka tsaya suka dubi fili. Mu mun duba, domin can ne gidanmu na biyu. A filin da da yawa daga cikinmu suka koyi taka leda, an yanke turakun raga daga gindi an sayar wa masu gwangwan, sai kututture biyu na ƙarfe da suka rage a ƙasa suna jiran ƙafar yaro. Wayar da muka jawo daga gidajen maƙwabta domin gasar dare ta watan azumi an zare ta saboda jan ƙarfen da ke cikinta. Randunan sabil na ruwan sadaka da ke ƙarƙashin bishiya sun farfashe. A kusurwar gabas, inda ake bugun kwana, akwai tudun ƙasa jere da juna, kowanne da guntun jan bulo a kansa da ɓallen kwano da aka rubuta suna da gawayi. Maƙwabtanmu ne, an binne su a nan lokacin da harsashi ya hana kai gawa maƙabarta. Allah Ya jiƙansu da rahama. Yara sun dawo, ba wanda ya ce musu komai, da kansu suka matsar da ragarsu nesa da kaburburan, suka aje duwatsu biyu suna buga dafuri, wato wasan unguwa, da ƙwallon safa a sauran rabin filin.

Abin da ya fi hana mu barci shi ne abin da ido ba ya gani. Ciyawa ta rufe gefen filaye bayan damina, kuma a cikinta akwai harsasai da rokoki da ba su tashi ba. Ɗaya daga cikin masu horaswarmu ya tarar da yara uku sun kewaye wani ƙarfe mai tsatsa suna gardamar nawa mai gwangwan zai biya su. Da lallashi ya janye su, ya zauna yana gadin wurin har magariba. Mun kai wannan koke ofis-ofis. A wani wuri aka ce mai sa hannu bai dawo ba, a wani aka ce mu sake rubutowa. Mun sake, mun kuma sake, har tura ta kai bango.

Mun san amsar da ke bakin kowa: ƙasa na cikin yaƙi, ruwa da wuta da asibiti su ne gaba. Ba mu musa ba. Mu ma mun sha ruwan kogi, mun ga yadda kwalara ta yi ɓarna a Omdurman da kudancin Kartum a 2025, mun yi layi da kwanonmu a takiyya, inda ake dafa abincin sadaka, kuma da yawa daga cikin matasan da suka riƙe tukwanen takiyyoyin nan 'yan rabiɗa ne, a fili suka koyi tara kuɗi da raba aiki. Amma babban abin da muke nema ba ya cin ko fam ɗaya daga kuɗin asibiti. Sa hannu ne da hatimi da mai awo. Wanda ya ce babu kuɗin sa hannu, akwai abin da yake nufi da filin.

Wannan tsoro namu yana da tushe, kuma tushen yana nan tsaye a kudancin Kartum, kowa na ganinsa daga titi. A 1991 aka fara ginin Madina Riyadiyya, birnin wasanni da aka ce zai zama abin alfaharin ƙasa. An yi shekara sama da 30 ba a gama shi ba. Kafin a farga an yanka babban ɓangare na filinsa an raba, wani ya zama gidaje, wani ya zama wasu gine-gine da ba ruwansu da wasa, har maganar ta kai gaban masu gabatar da ƙara bayan faɗuwar gwamnatin Bashir a 2019. Daga baya dakarun RSF suka mai da wurin sansani, kuma a wajensa ne aka ji harbe-harben farko a safiyar 15 ga Afrilu 2023. Wurin da aka tanada domin yaran ƙasa su yi tsere da ƙwallo, daga nan wutar da ta kore su daga gidajensu ta tashi. To, in fili mai dokar gwamnati da taswira da kasafi ya sha wannan yanka, ina ga namu da ba su da ko shahadar bahasi, takardar da ke nuna mai ƙasa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mutanen Aljirif ba sa bukatar a karantar da su yadda ƙasa ke sulalewa daga hannun mai ita. Tun da aka buɗe gadar Manshiya, ƙasar gabashin kogi ta yi tsada, idon dillalai ya dawo kanta. Mutanen Aljirif ta Gabas sun yi dogon zaman dirshan a kan filayensu da wuraren gasa bulonsu na bakin Shuɗin Nilu, har aka rasa rai. A yamma kuma mun ga gonaki sun zama benaye daga Titin Sittin har bakin ruwa. Yadda ake cin filin wasa mun haddace shi. Da farko a ce za a gina shaguna a gefe ɗaya da sunan istismari, wato zuba jari, wai kuɗin hayar zai koma kan gyaran fili. Sannan a kewaye wani gefe a ce wurin ajiye motoci ne na ɗan lokaci. Wata rana da safe sai ka ga tulin yashi da bulo a tsakiyar da'ira, da wani mutum riƙe da takarda mai hatimi. Yanzu da baitulmali ya bushe, masu unguwa da yawa ba su dawo daga Masar da Gadarif da Port Sudan ba, rajistocin ƙasa wasu sun ƙone wasu sun watse, babu lokacin da ya fi wannan daɗi ga mai son cin fili. Shi ya sa ba za mu jira a gama komai sannan a waiwaye mu ba. Jira a nan rufe ƙofa da ɓarawo ne.

Muna tunatar da gwamnati irin ƙasar da take mulki. A Kartum aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka a watan Fabrairu na 1957, da hannun Sudan da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu, kuma a nan aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a wannan shekara. A 1970 Sudan ta ɗauki kofin a gida bayan ta ci Ghana ɗaya da nema. A 1989 Al-Merrikh ta ɗauko kofin zakarun kofuna na Afirka daga hannun Bendel United ta Nijeriya. Ku tambayi dattawan da suka ga wannan zamani daga ina gwanayen suka fito. Daga ƙurar Abbasiyya da Maurada da Burri da Dayum suka fito, da ƙafa ba takalmi. An taɓa gwada a ɗaukaka wasan talakawa da doka kawai: a 1976 Shugaba Numairi ya rushe kulob-kulob ya shelanta abin da aka kira wasannin jama'a. Ba a gina wa jama'ar filin ba, gwanaye suka tsere ƙasashen Larabawa, aka dawo daga rakiyar tsarin bayan ɓarna ta riga ta auku. Jawabi bai taɓa daidaita ƙasa ba, sai tarakta da kwalta da mutum mai shebur.

Ko a yau ma haka take. Al-Hilal da Al-Merrikh sun buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya, daga nan suka koma ta Ruwanda. Gasar manyan kulob ta cikin gida a Atbara da Damar aka yi ta a 2025, domin filayen babban birni ba su bugu ba. Duk da haka, tawagar ƙasa ƙarƙashin Kwesi Appiah ta karɓi baƙi a Bengazi ta Libiya, ta ci Ghana biyu da nema, ta samu gurbin gasar Afirka ta Maroko. A watan Agusta na 2025 'yan wasanmu na gida suka lallasa Nijeriya huɗu da nema a Zanzibar, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Mun yi kukan murna a gaban waya ɗaya da mutum goma ke leƙawa. Manya sun fito sun yi ta taya murna, an ɗauki hotuna. Madalla. Amma waɗannan samari an rene su ne kafin yaƙi, a filayen da suke nan a lokacin. Yaron da yake da shekara 10 a 2023 ya yi shekara biyu ko fiye ba makaranta ba fili, ya ga abin da bai kamata babba ma ya gani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba mu kama shi da ƙwallo da la'asar ba, akwai masu jiransa da bindiga da ƙwaya, kuma su ba sa cewa a dawo gobe.

Saboda haka ga abin da muke nema.

Na farko, kuma shi ne uwa uba: wali ya fitar da doka a rubuce da ta haramta sayarwa ko bayar da haya ko canja manufar duk wani fili da ake wasa a kansa kafin 15 ga Afrilu 2023, a dukan mahalliyoyin jihar. A tura masu awo su auna kowane fili a gaban dattawan unguwa da wakilan rabiɗa, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da shahadar bahasi da sunan amfanin jama'a, a liƙa kwafinta a masallacin unguwa da ofishin mahalliya. Duk takardar mallaka da aka fitar a kan irin wannan fili a cikin shekarun yaƙi a dakatar da ita har alƙali ya duba. Muna da jerin filayenmu da sunayensu da iyakokinsu, da tsofaffin jadawalin gasa da ke tabbatar da shekarun da aka yi ana wasa a kansu. A shirye muke mu miƙa shi ga kwamitin da zai ba mu rasit.

Na biyu, a sa filayen wasa cikin jerin wuraren da masu kwance nakiyoyi za su fara bincikawa, sahu ɗaya da makarantu, domin yaran da ke makaranta da safe su ne a fili da yamma. Filin da aka bincika a kafa masa alama. Hukumar likitocin shari'a ta riga ta fara kwashe gawarwaki daga filaye da tituna zuwa maƙabartu a sassan jihar. Muna roƙon a gaggauta namu, a sanar da dangi tun da wuri, a yi cikin mutunci da addu'a. Mu da kanmu za mu tsaya mu taya haƙa da ɗauka.

Na uku, kuɗi. Ba mu ce a hana gyara filin Kartum ko Darur Riyada ta Omdurman ba, mu ma muna marmarin ranar da za mu zauna a kujerunsu. Abin da muka ƙi shi ne a zuba komai a katanga uku ko huɗu da kyamara ke gani, a bar unguwanni da alkawari. Muna neman a ware wa filayen unguwa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na duk abin da jiha ta tanada wa wasanni, a layinsa na daban cikin kasafi, a buga adadin da sunan kowane fili da abin da aka kashe masa. Bukatar filin unguwa ba ta da yawa: a cike ramuka a daidaita ƙasa yadda ruwan damina ba zai kwanta ba, turakun raga, fitila mai aiki da hasken rana, famfo ko tanki, ban ɗaki na maza da na mata, da inuwa. A ba mu kaya da injin, ƙarfi namu ne. Nafir ne a bakin mutanen nan, gayya a bakin kakanninmu, kuma da shi muka gina rabin abin da aka lalata. 'Yan matanmu ma suna da hakki. Tun da aka buɗe gasar mata a filin Kartum a watan Satumba na 2019, 'yan mata da dama suka shiga wasa, kuma suna bukatar wuri mai shinge da lokaci nasu, ko da a harabar makarantu ne.

Na huɗu ya shafi Hukumar Ƙwallon Ƙafa. Shirin FIFA Forward ya tanadar wa kowace hukumar ƙasa kuɗi har dala miliyan 8 tsakanin 2023 da 2026, kuma gina filaye da renon yara na cikin abin da aka yi shi dominsa. Muna son a bayyana wa jama'a nawa ne zai sauka a filayen ƙasa na Jihar Kartum. Muna kuma son a yi wa ƙungiyoyin rabiɗa rajista da yaransu. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin yana komawa ga kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Mai horaswar unguwa da ya saya wa yaro takalmi da kuɗin cefanen gidansa ba ya ganin ko sisi, saboda babu takardar da ta nuna yaron ya taɓa ratsa hannunsa.

Na ƙarshe gajere ne. Kowace rabiɗa ta samu akwatin agajin gaggawa da mutum biyu da aka koya wa ceton wanda ya faɗi. Mutanen Omdurman ba su manta da Endurance Idahor ba, ɗan Nijeriya da ya yanke jiki ya faɗi yana buga wa Al-Merrikh a watan Maris na 2010, ya rasu. Wannan a babban fili ke nan. A namu, ruwan randa da hular wani su ne magani.

In kwana 30 suka cika ba doka, ba mai awo, ba kwamitin da zai zauna da mu, to daga rana ta 31 babu wani yaro daga rabiɗoɗinmu da zai je bikin buɗe wani fili ko tarbar wani baƙo ko gasar da aka sa wa sunan wani mai muƙami. An daɗe ana aiko mana da motoci a kwashi yaranmu su cika kujeru, a ba su riga da lemo, a dawo da su kan duwatsu. Wannan ya ƙare. Alƙalanmu za su ajiye usur a duk wasan da hukuma ta shirya. Bayan mako biyu, in shiru ya ci gaba, za mu buga jerin filayen da hotunansu a jaridu da Facebook, tare da ranar da muka kai kowane koke da amsar da aka ba mu. Lauyoyi daga cikin tsofaffin 'yan wasanmu sun yarda su shigar da ƙara a kotun gudanarwa a kan duk takardar da aka fitar a kan filin wasa. Kuma duk filin da aka sauke wa yashi ko bulo, za a tarar da mu a kansa, mu da iyaye da limamai, da tabarminmu, cikin lumana da bin doka, har a kwashe. Ba za mu jefi kowa ba, ba za mu tare hanya ba, ba ma cin tuwon wata jam'iyya ko wani ɓangare. Ƙasar nan ta ga jini ya ishe ta.

Ga dillalai da masu kuɗin da ake kai wa tallan fili da araha, muna ba ku shawara ta 'yan'uwa: kafin ku biya, ku tambayi yaran unguwa ko ana ƙwallo a wurin. In sun ce e, ku riƙe kuɗinku, domin shari'a za ku saya. Ga membobinmu kuwa, duk wanda aka kira gefe aka ba shi shago ko kujera domin ya yi shiru, ya sani za mu faɗi sunansa a gaban unguwa. Iyaye mata da maza, har a kafa alamar bincike, kada yaro ya shiga ciyawar gefen fili, kada ya taɓa ƙarfen da bai sani ba, ko da mai gwangwan zai ba shi nawa.

Mai girma wali, ƙofarmu a buɗe take dare da rana. Ba sai an kira mu ofis ba. Ka zo Aljirif da la'asar, ba jiniya ba kyamara, ka tsaya a gefen fili minti goma ka ga inda yaran jiharka suke aje duwatsun ragarsu. Muna da shayi, muna da jerin filaye a hannu. Lissafin kwana 30 zai fara daga ranar da aka buga wa wannan takarda hatimin karɓa.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana yaranmu. Wassalamu alaikum.

Daga masu horaswa, alƙalan wasa da shugabannin rabiɗoɗin unguwannin Aljirif ta Gabas, Aljirif ta Yamma da Omdurman.